Ranar Da Na Riƙe Bakin Kura Da Hannu Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe sauran abin da ke cikin kaina, da maganar da mutanen zaurenmu suka yi ittifaƙi a kanta, wai Bakin Kura ba ya riƙuwa. Dakta Asabe, malamar lissafi da ke koyarwa a jami'ar da ke Gidan Kwano, ta ce ta zauna da biro da takarda ta auna, ta tarar waɗanda suka ƙirƙiri wasan da gangan suka gina wurin domin a gudu. Alhaji Buba, dillalin shanu, ya ce ya gwada har yatsansa ya yi kanta, ya haƙura. Garba mai gyaran kwamfuta, wanda a shagonsa da ke Tunga muke taruwa, ya ce ya bi maganganun masu wannan wasa na ƙasashe da dama, bai ga wanda ya ce ya riƙe ba face maƙaryata. Ni kuwa ina zaune, na ɗora hannuwa biyu a kan sandata, ina murmushi irin na wanda ya san abin da jama'a ba su sani ba.

Wajibi ne in yi wa mai karatu bayani, kada ya zaci wani daji ne a hanyar Bida. Bakin Kura suna ne da muka laƙaba wa mataki na goma sha huɗu a wani tsohon wasan kwamfuta na dabarun yaƙi, irin waɗanda suke zuwa a faifai guda tun zamanin da kwamfuta take da ƙeya kamar tulu. A labarin wasan, 'yan Adam sun bar wannan duniya sun bazu cikin taurari, kai kuma kai ne kwamanda: ka haƙi ma'adinai, ka gina tasha, ka ƙera jirage, ka san inda za ka ajiye kowanne. A wannan mataki ana ba ka tasha guda a kan wani wata mai ƙanƙara, a ce ka tsare ta minti sittin har jiragen agaji su iso. Wasan ya yarda ka kwashe mutanenka ka gudu a wuce da kai gaba, kuma haka kowa yake yi. Tsayawa har ƙarshe shi ne abin da aka ce ba ya yiwuwa.

(Na san akwai mai cewa, dattijo ɗan shekara saba'in da uku, mai jikoki, me ya haɗa shi da wasa? Amsata ita ce, dara ma wasa ce, amma ban taɓa jin an ce wa dattawan da ke yin ta a gindin bishiya su ji kunya ba. Tamu darar dai a sararin samaniya ake yin ta.)

Na yi wa gwamnati aiki shekara talatin da biyar, na yi ritaya ina mataimakin darakta a sashen safiyo. Karatunmu na da ne, wanda ake bugun yatsu idan rubutu ya karkace, kuma tarbiyyar aikinmu ma ta da ce. Lokacin da aka kawo kwamfuta ta farko ofishinmu, sai aka ɗauko Ndagi daga ɗakin masu buga tafireta, aka tura shi kwas na wata uku, ya dawo shi ne mai kula da ita. Shi ya zo da faifan wasan. Wata rana a lokacin hutun rana na same shi yana yi, na tsaya a bayansa na yi masa faɗa kan ɓarnar wutar gwamnati, sannan na umarce shi ya tashi in bincika abin da kaina. Binciken nan shi ne ban gama ba shekara ashirin da biyar.

A tsarinmu na wancan lokaci, babban ma'aikaci ba ya taɓa cikin inji. Nasa shi ne ya rubuta umarni da koren biro a gefen takarda, na ƙasa da shi su aiwatar. Saboda haka duk lokacin da na sauya kwamfuta, daga ta ofis zuwa ta gida, daga ta farko zuwa ta uku, Ndagi nake aika wa. Ya zo, ya buga wasu rubuce-rubuce a wani baƙin allo, ya ajiye mini ɗan hoto guda a tsakiya, ya ce, "Oga, nan za ka danna." In danna, yaƙi ya fara. Ban taɓa tambayarsa abin da yake bugawa ba. Darakta ba ya tambayar direba yadda ake ɗaure fanbel.

Bayan ritaya na sami labarin cewa akwai wasu masu son tsofaffin wasannin nan da ke haɗuwa duk Asabar bayan azahar a shagon Garba, kuma Ndagi, wanda shi ma ya ajiye aiki, yana cikinsu. Na fara zuwa daga gidana na Chanchaga. Zama ne mai daɗi, ba zan hana gaskiya haƙƙinta ba. Dakta Asabe tana kan bakanta cewa wasannin yanzu hoto ne kawai ba tunani, kuma kashi na biyu na namu wasan ya ɓata na farko tunda aka cire lissafin mai, jirgi ya riƙa yawo kamar ba ya shan komai. Garba ya ce ai kiɗan kashi na biyu kaɗai ya isa a yafe masa zunubinsa. Alhaji Buba kuwa ba ya zaɓar 'yan Adam ko kusa, sai wasu halittun ruwa da ke cikin wasan.

"Suna hayayyafa kamar awaki, ba sa neman albashi," in ji shi. "Me zan yi da sojan da sai na gina masa ɗakin kwana?"

A kan irin wannan sai a kwashe awa biyu ana musu, har a kira la'asar. Idan suka zo kan Bakin Kura suna cewa jiragen abokan gaba suna rufe allo kamar fara, sai in ɗauka ƙarin gishiri ne irin na masunta. Ni na riƙe wurin ya fi a ƙirga, amma ban faɗa ba. A tarbiyyarmu babba ba ya yabon kansa, jira yake a tambaye shi. Na jira shekara biyu. Ba wanda ya tambaye ni.

Sai wata Asabar Ndagi ya zo da hoto a wayarsa. Ya tsaya a Bakin Kura minti arba'in da ɗaya kafin tashar ta faɗi. Shagon ya ɗauki hayaniya. Dakta Asabe, wadda na shekara biyu ina jiran ta nemi ra'ayina ko sau ɗaya, ta jawo kujerarta kusa da shi, ta buɗe littafinta, tana rubuta abin da yake faɗa kamar a aji. Nan take aka naɗa shi Sarkin Yaƙi. Asabar ta gaba Alhaji Buba ya kawo masa ƙwaryar kindirmo da curin man shanu, ya durƙusa da wasa yana cewa, "Ranka ya daɗe, gaisuwar talakawa." Ndagi yana dariya yana rufe fuska. Mutumin da na sa wa hannu a takardar ƙarin girma sau uku. Mutumin da ban taɓa ganin ya zauna a gabana ba sai na ce ya zauna.

Ni ma na taya shi murna, da baki. An zuba mini kindirmon a kofi, na ce likita ya hana ni, alhali likita bai taɓa jin wannan magana ba. Da na koma gida na kasa cin tuwon shinkafar da aka ajiye mini. Matata Hajiya, wadda muka shekara arba'in da shida tare, ta dube ni ta dubi kwanon.

"Alhaji, wa ya rasu?"

"Ba kowa."

"To wa aka naɗa?"

Na ture kwanon gefe. Amma a cikin makon nan na koyi cewa hassada ba ta yin ritaya tare da mai ita. Ina alwala ina tunanin minti arba'in da ɗaya. Ina karanta jarida ina ganin littafin Dakta a buɗe a gaban Ndagi. Abin da nake so ba mai yawa ba ne a ganina: a san cewa a zauren nan akwai babba, a juyo da kujerun wajena.

Asabar da ta biyo baya na bari sai da aka natsu, na yi gyaran murya irin wadda nake yi kafin in buɗe taro.

"Minti arba'in da ɗaya ƙoƙari ne," na ce, "musamman ga wanda ya taso daga ɗakin tafireta." (Wannan jimla ita ce har yau idan na tuna nake neman gafara.) "Sai dai domin gyaran tarihi, ni na riƙe sittin. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Kuma da hannu ɗaya nake yi, ɗayan yana riƙe da kofin shayi."

Dakta Asabe ta cire tabarau ta goge.

"Baba, ba musu nake yi da kai ba," ta ce, "amma gani ya kori ji."

"Za ku gani ranar Asabar," na ce. "A kan injina, domin soja da bindigarsa aka san shi."

Na lura Ndagi ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Na ce a raina, sarautar mako biyu ta zo ƙarshe, dole jiki ya yi sanyi.

Ranar Alhamis da hantsi sai ga shi a babur har Chanchaga. Ya tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa, ya tsuguna kamar yadda ya saba. Ndagi Banufe ne, Hausarsa ta kasuwa ce, ba ruwansa da bambanta namiji da mace, kuma na sha gyara masa a ofis bai gyaru ba.

"Oga, na zo roko ne," ya ce. "Ka bar wannan magana. Ka ce masu inji ya lalace."

"Injina lafiyarsa ƙalau."

"Kwamfuta din tsoho ne, Oga. Hanya ba kyau, zai jijjiga a keke."

"Zan rungume ta a cinyata."

Ya share gumi. "To bari in duba shi kadan kafin Asabar. Minti biyar kawai."

A nan ne na tabbatar wa kaina da abin da nake zargi. Wato so yake ya shiga cikin injin ya kwance wani abu, in je gaban jama'a in kunyata. Na dube shi da tausayi irin na wanda ya kama ɓarawo amma ya yanke shawarar ba zai kira 'yan sanda ba.

"Ndagi, hassada ba ta dace da shekarunka ba."

"Oga, akwai wani abu da ban fada maka ba tun..."

"Idan na ofis ne, an rufe fayil. Idan na wasa ne, sai Asabar."

Da ya tafi na kulle ɗakin da kwamfutar take, na sa makullin a aljihu. Ni da nake fama da ciwon, ni na rubuta wa mai lafiya magani.

Ranar Asabar na sa farar babbar riga wadda na sa ranar bikin sallamata daga aiki. Na naɗe kwamfutar da bargo, na ɗauki shatar keke mai ƙafa uku, na rungume ta tun daga Chanchaga har Tunga kamar mai kai jariri asibiti. Labari ya riga ni isa. Ban da 'yan zaure, ga tela na shagon kusa, ga mai sayar da taya, ga wasu malamai biyu da Dakta ta gayyato daga Gidan Kwano. Garba ya tada janareta don kada wuta ta yanke mana, ya haɗa injina da babbar talabijin ɗin shagon.

Ban fara ba sai da na yi jawabi. Na zo da taswirar Bakin Kura da na zana da hannuna a kan takardar safiyo, da ma'auni da alamar arewa, na manna ta a bango, na yi minti goma sha biyar ina nuna wurare da sandata. Na rufe da cewa yaƙi ba saurin yatsu ba ne, natsuwa ce da tsari, abubuwan da ba a koyar da su a kwas na wata uku. Sannan na karɓi kofin shayi a hannun hagu, na kama linzamin kwamfuta da dama, na danna ɗan hoton nan.

Komai ya tafi kamar yadda ya saba. Na jera bindigogi a bakin mashigar, na aika masu haƙar ma'adinai. A minti na goma abokan gaba suka zo, jirage shida, na kakkaɓe su na kurɓi shayi. A minti na ashirin suka zo su takwas. Ina yi ina sharhi. A minti na arba'in da ɗaya na dakata da gangan, na waiwaya na dubi Ndagi, na ce a ƙara mini sukari. Yana can a lungu kusa da tarin wayoyi, ya zabga tagumi. A minti na sittin jiragen agaji suka bayyana, kiɗan nasara ya tashi. Na ajiye kofin, na miƙe, na gyara hannun riga, na jira.

Tela da mai taya suka tafa. Su kaɗai.

Alhaji Buba ya karkata kai yana kallon talabijin kamar mai duba saniyar da aka ce masa tana da ciki.

"Darakta, ina sauran?"

"Sauran me?"

"Sauran abokan gaba mana. Ni a minti na goma sun fi garken da ake saukewa ranar kasuwa. Naka kuwa makiyayi ɗaya da sanda ya ishe su."

"Alhaji, wannan ita ce dabarar," na ce. "Kwamandan da ya san aikinsa, abokan gaba ba sa sha'awar zuwa wurinsa."

Dakta Asabe tana duba littafinta. Ashe tun da na fara take ƙirga komai.

"Baba, ma'adinan da ka fara da su sun ninka namu sau uku. Bindigarka kuma harbi biyu take kayar da jirgin da tamu sai ta yi bakwai. Ka yarda Garba ya duba yadda aka saita wasan?"

"Ku duba duk abin da kuke so. Ban taɓa ɓoye fayil ga mai bincike ba."

Ndagi ya miƙe zumbur. "Jama'a, lokacin salla ya yi, mu tafi masallaci."

"Da saura minti ashirin, Sarkin Yaƙi," in ji Garba.

Sai Ndagi ya taka zai wuce, ƙafarsa ta sarƙe da wayar wuta, talabijin da kwamfuta suka ɗauke gaba ɗaya. Na ga yadda ya yi. Ba tuntuɓe ba ne, da gangan ya ja ta. Raina ya ɓaci. Na nuna shi da sanda a gaban tela da mai taya da malaman jami'a.

"Kun gani? Ranar Alhamis ya zo har gidana yana neman ya taɓa injin, na hana shi. Yanzu ba ya so a tabbatar da nasarata. Garba, mayar da wayar nan. Ba wanda zai fita daga shagon nan sai an duba."

Ndagi ya koma ya zauna, ya rufe idanu.

Garba ya kunna, ya shiga baƙin allon nan da na sha gani daga nesa, ya buga kalmomi biyu. Jerin layuka biyar suka fito, daga mafi wuya a sama zuwa mafi sauƙi a ƙasa, da 'yar alama a gefen wanda aka zaɓa. Ina da wata ɗabi'a tun ta ofis: duk takardar da aka ajiye a gabana, ni nake karanta ta da ƙarfi kowa ya ji. Na sa tabarau, na matsa, na bi alamar da kan sandata har ƙasa, na karanta Turancin da muryar taro, sannan na fassara wa tela da mai taya don kada a bar su a baya.

"Matakin 'yan koyo, domin wanda bai taɓa yin irin wannan wasa ba."

Sai da na kai ƙarshen jimlar kafin ma'anarta ta iso kaina.

Abin da ya fara fito mini daga baki shi ne, "Wa ya taɓa mini inji?"

"Ni ne, Oga," in ji Ndagi.

"Yaushe? Ranar Alhamis ban bar ka ka shiga ba."

"Ba Alhamis ba, Oga. Tun ofis."

Ya ɗago, ya ga ba makawa, ya ci gaba a hankali.

"Satin farko da ka fara, an ci ka kwana hudu a jere. Kwana hudun nan ba ka sa hannu a takardar hutun kowa ba. Masinja ya sha takardar tuhuma biyu, daya don ya yi tari. Direba matarsa ya haihu, ya kasa shiga ya fada maka. Sai duk ofis suka taru suka roke ni, suka ce in akwai yadda za a yi Oga ya rika ci, in taimaka."

"Duk ofis?"

"Har mai shara, Oga. Daga ranar ka zama mutumin kirki. Sai muka ce a bar shi haka. Duk inji da ka saya, ina zuwa in sa maka. Alhamis na so in mayar da shi daidai, ko an ci ka a ce tsufa ne."

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Alhaji Buba ya kamu da wani tari mai tsanani, ya cusa fuska a cikin hannun rigarsa, kafaɗunsa suna rawa. Malaman jami'a suka sami wani abu mai muhimmanci a silin. Dakta Asabe ta rufe littafinta a hankali, yadda ake rufe ƙofar ɗakin mara lafiya. Tela ne kaɗai bai gane ba, ya tambayi mai taya ko yanzu ni ne sabon Sarkin Yaƙi.

Na tattara abin da ya rage mini na mutunci, na ce, "Za a duba wannan al'amari." Na fita. Na bar kwamfutar, na bar taswirar a bango, na bar bargon Hajiya.

Da na isa gida ta ga hannuna ba komai, ta ga fuskata.

"Ashe yau suka faɗa maka," ta ce.

"Ke ma kin sani?"

"Matar Ndagi ta gaya mini tun ranar sunan autarmu. Ni ma na ga amfaninsa a gidan nan, shi ya sa ban ce komai ba. Ina bargona?"

Mako uku ban je Tunga ba. Na ce wa masu tambaya ƙafa ce. A zaman nan na yi wa kaina irin binciken da nake yi wa ƙananan ma'aikata, kuma rahoton bai yi kyau ba. Kunyar da na sha ba ita ta fi damuna ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne, minti arba'in da ɗayan Ndagi na gaske ne, kowane ɗaya daga cikinsu, sittin ɗina kuwa kyauta ce da ma'aikatana suka haɗa mini don su sami lafiya. Ga shi kuma na zage shi a gaban mutane a daidai lokacin da yake sadaukar da ƙafarsa don ya rufa mini asiri. A da ina hassadarsa a kan abu ɗaya. Yanzu na tarar ya fi ni wasa, ya kuma fi ni hali, hassadar ta zama biyu.

A mako na huɗu na tambayi kwatancen gidansa, domin abin kunya ne in faɗa, shekara talatin da saninmu ban taɓa taka ƙofarsa ba. Yana bayan Tunga, a wani layi da keke ba ya shiga. Na same shi ya kwaso kwamfutata daga shagon Garba, ya goge ta, ya ninke bargon a kai. Ya miƙe zai tsuguna, na ce ya zauna a kujerarsa, gidansa ne. Na ba shi haƙuri kan maganar ɗakin tafireta. Ya ce bai ma ji ba. (Ƙarya yake yi, amma irin wadda ya ƙware a kai.)

"Nuna mini baƙin allon nan," na ce. "Ni zan buga da hannuna."

Na buga da yatsu biyu, ina neman kowane harafi kamar mai tsintar allura. Na kai alamar can sama, inda shi yake yi. Ya ce in fara daga tsakiya, na ce ban zo ciniki ba. Matarsa ta kawo shayi, na ce a ajiye shi nesa.

Masuntan ba su ƙara gishiri ba. Jiragen suka rufe allon kamar fara. Na nemi bindigogina na rasa, na danna nan na danna can, hulata ta faɗi ban sani ba. Tashar da na shekara ashirin da biyar ina mulki ta zama toka.

"Oga, ka yi kokari," in ji Ndagi.

"Kada ka sake yi mini ladabi. Ladabinka ya cuce ni shekara ashirin da biyar. Minti nawa?"

Ya dubi agogo, ya dube ni. "Tara, Oga. Da na zagaye maka."

"Ba tare da zagaye ba fa?"

"Takwas da rabi."

Abin da na koya ba mai tsawo ba ne. Babban da ya sa na ƙasa da shi suka fi tsoron fushinsa a kan ƙarya, zai yi ta cin nasara kullum, kuma shi kaɗai ne a garin ba zai san dalili ba. Na koma zaure, ina zama a bayan Dakta ina leƙen littafinta. Har yanzu idan aka ce Sarkin Yaƙi sai in ji hassadar ta motsa, ba zan yi wa mai karatu ƙaryar cewa na warke ba. Tsakanina da Ndagi akwai minti talatin da biyu da rabi, kuma ina da niyyar rage su kafin a kira ni.

Akwai wani tsohon kundi a gidanmu da mahaifina, ma'aikacin jirgin ƙasa, ya buɗe, inda ake rubuta ranar haihuwa da ta kama aiki da ta ajiye shi. Na umarci 'ya'yana su ƙara layi guda a ƙarƙashin sunana, da tawada, ba da fensir ba, kuma kada a yi mini zagaye: Talata, ashirin ga watan Zulhijja na bana, tsakanin hantsi da azahar, an ci Baba da yaƙi a minti takwas da rabi, kuma shi ya saita injin da hannunsa.